Eren: don abokansa ya tattake duniya ko don kansa?

Sarkin_Kallo
Assalamu alaikum 'yan zaure. Gargaɗi tun farko: duk wanda bai gama Attack on Titan, katun nan na Japan, ba ya tsallake wannan zance, don zan fasa ƙwai ne ba sassauci.

Wata magana ce ta ishe ni. Duk inda aka yi hirar ƙarshen shirin nan sai ka ji ana cewa Eren, tauraron shirin, sadaukar da kansa ya yi don abokansa, wai ya mai da kansa dodon duniya ne don su kashe shi su zama jarumai a idon kowa. Ni dai ban yarda ba. Eren don kansa ya yi. Hujjata ita ce lokacin da ya tsaya gaban Ramzi, yaron nan ɗan gudun hijira mai yankan aljihu, bayan ya ƙwace shi daga hannun masu jibgarsa. Babu Mikasa a wurin, babu Armin, babu wanda zai yi wa wasan kwaikwayo, yaron da danginsa ma ba yarensu ɗaya da shi ba. Yana kuka yana ba shi haƙuri, ya ce batun ceton tsibiri yana nan, amma ba shi ke nan ba: ranar da ya gano akwai mutane a bayan ganuwa ransa ne ya ɓaci, don duniyar ba ta yi kama da wadda ya gani a littafin Armin ba, sai ya yi fatan a share komai. Da bakinsa ya faɗa, a inda ƙarya ba ta da amfani. To ina abokai a nan?

Maman_Levi
Wa alaikumus salam. Sarki, ka tsallake wurin jirgin ƙasa. Ranar da suke dawowa daga aikin shimfiɗa layin dogo, Mikasa da Jean da Connie da Sasha kowa na cewa shi zai gaji Titan ɗinsa, wato ikonsa na rikiɗa ya zama basamude, idan wa'adinsa na shekara 13 ya cika, ya ce sam, ba zai ɗora wa ko ɗayansu ba, so yake su yi tsawon rai. Har kunya ta kama shi, su ma duk suka sunkuyar da kai. Wannan ma wasan kwaikwayo ne?

Sarkin_Kallo
Anti, ban ce ba ya sonsu ba. So daban, dalili daban. Mu ƙirga waɗanda yake so su yi tsawon ran: Sasha ta mutu ne a hanyar dawowa daga harin da shi ya tilasta musu kaiwa Liberio, wani gari a ƙasar Marley. Hange ta ƙone a sama tana tare samudawansa don jirginsu ya samu ya tashi. Levi ya ƙare a keken guragu. Jean da Connie har Titan suka koma a Fort Salta. Kuma a ƙarshe ya shaida wa Armin cewa bai ma san ko za su tsira ba ya jefa su ciki. Wannan wace irin kariya ce?

Autar_Mama
Innalillahi. Ina zango na uku fa. SASHA TA MUTU?? Wallahi ba ku kyauta mini ba 😭

Shugaban_Zaure
Auta, layin farko aka rubuta gargaɗi. Fita maza kafin ki ji abin da ya fi wannan. Ki dawo in kin gama, zancen na nan.

Floch_Na_Da_Gaskiya
Ni abin da ke ba ni mamaki da ku, kullum Eren ake sa wa a gaba ana tuhuma kamar daga sama ya faɗo da mugunta. Wa ya fara? Shekara ta 845 yana ɗan shekara 10 aka fasa ƙofar Shiganshina, aka cinye uwarsa yana kallo. Shekarar da ta biyo baya gwamnati ta kora mutum 250,000 bakin Titan da sunan ƙwato ganuwar Maria, alhali abinci ne ya ƙare, cikinsu har da kakan Armin. Mutanen nan ba su ma san akwai wata duniya a waje ba, an goge musu tunani tun zamanin Karl Fritz. Laifin me suka yi wa Marley?

Sannan ku tuna daren Liberio. Willy Tybur ya tara jakadu da manyan sojoji da 'yan jarida na duniya, ya faɗa musu da bakinsa cewa sarkin ganuwa zaman lafiya ya nema, amma duk da haka ya yi shelar yaƙi a kan tsibirin, su kuma suna tafi, wasu har da hawaye. Eren na ƙarƙashin ginin yana ji. Sai da aka gama shelar sannan ya tashi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In kai ne, duniya gaba ɗaya ta haɗu a kan a shafe garinku, za ka tsaya rubuta wasiƙar sulhu?

Gwanin_Manga
Malam Floch, tarihin da ka kawo daidai ne amma ka jera shi yadda zai yi maka daɗi. Eren bai je Liberio don ya saurari jawabi ya yanke shawara ba. Tun kafin daren ya yanke ƙafarsa, ya tsokale idonsa, ya shige cikin sojojin da suka ji rauni da sunan Kruger, ya riƙa aiken Falco da wasiƙu yaron bai san abin da yake ɗauka ba. Dakarun tsibiri sun riga sun ɓuya a unguwar, Armin na bakin teku yana jiran ya tarwatsa jiragen ruwa. Kuma wanda ya zuga manyan sojan Marley su koma kan batun tsibirin Paradis bayan yaƙin shekara 4 da suka gama a Fort Slava shi ne Zeke, yayan Eren, wanda bakinsu ɗaya a lokacin. Ma'ana wutar da kake cewa ta tilasta masa, da hannun ɗan'uwansa a cikin hura ta.

Wani abu kuma. Kafin daren nan ƙasashen duniya Marley suka fi tsana, don ita ke mamaye su da Titan. Shi kansa Willy ya san za a kawo hari, ya tsaya a dandamalin da gangan don mutuwarsa ta haɗa kan duniya. Eren ya ba shi abin da yake nema cif-cif. Su wa suka mutu a ƙarƙashin ɓaraguzan? Eldiyawa 'yan'uwansa, masu ɗaure da ƙyalle a dantse, waɗanda ba su da ikon fita daga unguwar sai da takarda.

Floch_Na_Da_Gaskiya
To ai kafin nan sun gwada lallami, Gwani. Sun shiga Marley a ɓoye, sun halarci taron ƙungiyar da ake cewa tana kare haƙƙin Eldiyawa. Me mai jawabin ya ce? A tausaya wa Eldiyawan waje, a tsani shaiɗanun tsibiri. Masu kare su ke nan fa! Nan Eren ya tashi ya fice, daga ranar ba su ƙara ganinsa ba sai wasiƙa. Hange da Armin sun yi shekaru suna cewa a tattauna, a tattauna, ba su kawo ko ƙasa ɗaya da ta yarda ta zauna da su ba in ban da Hizuru, ita ma arzikin ƙarƙashin ƙasa take hange. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dokta_Ba_Asibiti
Ku bari in shigo nan, don ana magana kamar hanya biyu ce kawai, ko a mutu ko a kashe kowa. Akwai ta uku a cikin shirin. Tsarin shekara 50 da Kiyomi Azumabito ta zo da shi: a saki kaɗan daga samudawan ganuwa, a rusa rundunar haɗin gwiwa da tashoshin jiragen yaƙi, duniya ta ji tsoro, tsibiri ya samu lokacin gina soja da masana'antu. Armin ma da ganuwa ta fara rushewa ya ɗauka abin da Eren zai yi ke nan, sai da ya ga Maria gaba ɗaya ta zube sannan jikinsa ya yi sanyi.

Kuɗin tsarin shi ne Sarauniya Historia. Sai ta gaji Titan ɗin Zeke, wato Biri, ta mutu bayan shekara 13, ta kuma haifi 'ya'yan da za su yi ta cin juna don jinin sarauta kada ya yanke. Eren ya miƙe a taron ya ce bai yarda ba. Nan nake ganin Maman_Levi na da ƙafar tsayawa, don mutum guda da ya sani ya fi masa miliyoyin da bai sani ba. Amma fa wannan ba yabo ba ne. Ya ƙi a taɓa yarinya ɗaya da zuriyarta, ya tattake kashi 80 cikin 100 na bil'adama.

Bakano92
Ni dai Levi ya cika alkawarin da ya yi wa kwamandansu Erwin, ya sare kan Biri. Sauran ku ƙarata can.

Yar_Zinder
Sannunku da hira. Tun da an ambaci Sasha, ina da tambaya ga masu kare Eren: me ya sa yawancinku ku ne kuka fi kowa tsanar Gabi? Yarinya 'yar shekara 12, an fasa garinsu da dare, dutse ya danne ƙawarta Zofia a gefenta, jama'a suka tattake Udo, masu gadin ƙofa biyu da take wasa da su kullum Sasha ta harbe su a gabanta. Ta ɗauki bindiga ta rantse sai ta rama. Ku cire sunan ku sa Eren, ku cire Liberio ku sa Shiganshina. Isayama, marubucin labarin, bai ma ɓoye ba, da gangan ya yi ta a haka. Ɗaya kun ce jarumi, ɗaya kun ce a jefo ta daga jirgi. Kuma ita ta zauna a gonar iyayen Sasha, ta ci abincinsu, Kaya ta tambaye ta laifin da uwarta ta yi da har aka cinye ta da rai, ta rasa amsa, daga baya ta gane babu shaiɗanu a tsibirin, mutane ne. Eren kuwa ya kwana da sojojin Marley a asibiti ɗaya, ya gane mutane ne, ya faɗa wa Reiner haka, ya kuma ci gaba.

Bakano92
Hajiya, duk bayanin nan naki na ji, kuma ban ƙi ba. Amma ba na sonta, kuma ba zan so ta ba. Sasha na kwance jini na zuba, kalmarta ta ƙarshe nama. Connie ya rasa rabin ransa. A bar ni da haushina.

Kawu_Zango
Gaisuwa daga Kumasi. Ni dattijo ne a cikinku, 'ya'yana ne suka ja ni kallon nan, amma mutumin da ya fi tsaya mini a rai duk shirin shi ne mahaifin Sasha. A ɗakin cin abincin nan Niccolo ya miƙa masa wuƙa, ya nuna masa yarinyar da ta kashe 'yarsa. Ga wuƙa a hannu, ga yarinya a durƙushe, babu mai hana shi. Ya tsaya ya yi shiru, sannan ya ce shi ya koya wa 'yarsa farauta, shi ya sake ta ta shiga dajin da ya fi nasu girma, ta harbi na wasu aka harbe ta, kuma nauyin manya ne su fitar da yara daga dajin. Ya ba matarsa wuƙar ta ajiye. Ɗana Floch, kana tambaya in kai ne me za ka yi. Ga wanda aka yi wa, ga abin da ya yi.

Malam_Tsakani
Duk kuna gardama a kan niyya, ni kuma tambayata ita ce ko yana da zaɓi ma tun farko. Ranar da aka ba su lambar yabo ya sumbaci hannun Historia, kun ga yadda fuskarsa ta canza. A nan ya ga abin da ke gaba. Titan ɗin da ya gada yana hango abin da magadansa na gaba suka gani, shi ya sa Kruger na asali, wanda ya riƙe Titan ɗin kafin baban Eren, ya ambaci Mikasa da Armin tun ba a haife su ba, shi kansa bai san su waye ba. Daga ranar Eren na tafiya ne a kan hanyar da ya riga ya ga ƙarshenta. Ya gwada kaucewa. Ramzin da Sarki ya kawo, ai da farko wucewa ya so yi, don ya san shi zai kashe yaron nan gaba, me amfanin cetonsa yau? Ƙafarsa ta mayar da shi, ya cece shi, daidai yadda ya gani. Dariyar da ya yi da aka ce masa Sasha ta cika, wadda ta sa Connie ya tsane shi, ni a ganina ta wanda ya tabbatar ba abin da zai canza ce. Yaron da ya fi kowa ihun 'yanci shi ne ya fi kowa zama a ɗaure. To wanda aka nuna wa ƙaddararsa ƙarara, ya yi ta ƙoƙarin kauce mata ya kasa, da wane ma'auni za a auna shi?

Gwanin_Manga
Malam, tambayar ta yi kyau, sai dai wa ya rubuta abin da ya ganin? Shi ne. Ku koma inda Zeke ya ja shi cikin tunanin babansu Grisha don ya nuna masa wai uban ne ya lalata shi. Me aka tarar? Grisha ya je kogon gidan Reiss, ya zaro wuƙar tiyata, ya kasa. Ya ce shi likita ne, ba zai kashe yara ba. Wuƙar ta faɗi. Eren ne ya durƙusa kusa da kunnensa ya tuna masa ƙanwarsa Faye da karnuka suka yayyaga, ya ce ya tashi ya ƙarasa abin da ya faro. Uban ya fito yana kuka yana roƙon Zeke ya tsayar da ƙaninsa. Ni a duk shirin babu juyin da ya kai wannan, har da na ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Shekara da shekaru muna zargin uba ya cuci ɗa, ashe ɗan ne ya tura uban.

Sai babi na 139 ya ƙara gishiri: ranar da ganuwa ta fashe, Dina, Titan ɗin da ta cinye uwar Eren, ta nufi Bertholdt, Eren ya kawar da ita don lokacin mutuwarsa bai yi ba, ta wuce ta nufi gidansu. Abin da ya gani a gaba ya tabbata ne saboda abin da ransa ke so ke nan. Ba wani ne ya ɗaure shi ba, halinsa ne. Tun yana ɗan shekara 9 ya soke mutum biyu da wuƙa a bukkar da aka sace Mikasa, ko gezau.

Maman_Levi
Wannan na Dina ni har yau ban haɗiye shi ba. A ce duk kukan da muka sha a kashi na farko, Carla uwar Eren na ƙarƙashin katako tana cewa Hannes ya kwashe yaran ya gudu, sannan ta toshe bakinta kada su ji tana roƙon kar a bar ta, a ce da hannun ɗanta a ciki? Kuma a layi biyu aka faɗa aka wuce, Armin ya kama hannunsa aka canza zance. Abu mai nauyi haka ai ba a jefa shi a ƙarshe kamar an tuna da shi a bakin ƙofa.

Shugaban_Zaure
Na goge saƙo biyu. Jama'a, maganar ƙaddara a tsaya a kan ta cikin labari. Wanda ke son muhawarar aƙida ya nemi malamai, nan zauren katun ne. Kuma ban da zagi.

Sarkin_Kallo
Na gode Gwani, ka faɗi abin da nake ta kewaye. Ku duba yadda aka zana shi a tsakiyar tattakin: ba saurayi ɗan shekara 19 ba, ƙaramin yaro ne a saman gajimare ya buɗe hannuwa yana murna ya ga filin da yake mafarki, a ƙasan gajimaren kuwa ana niƙe mutane. Ba Mikasa yake hange a nan ba, ba Historia ba. Tun ranar da suka isa teku a ƙarshen zango na uku an nuna mana. Kowa na wasa da ruwa, Armin na riƙe da ƙwanso yana so ya nuna masa, shi kuwa yatsa ya miƙa can ƙetare yana tambaya ko in an kashe na can za a samu 'yanci. Armin teku yake son gani. Eren duniyar da babu kowa a cikinta yake so. Littafi ɗaya suka karanta, ba abu ɗaya suka gani ba.

Yar_Zinder
Bari in karkata kaɗan, don akwai wadda ake mantawa kuma ba don ita ba da babu tattakin. Ymir, wadda ta fara zama Titan. Mutane da yawa sun yi tsaki da aka ce wai son Sarki Fritz ne ya riƙe ta shekara 2000 tana gina Titan da yashi. Mutumin da ya ƙone garinsu, ya sa aka yanke mata harshe, ya sa aka farauce ta kamar dabba saboda alade, ta tare masa mashi ya ce ta tashi ta ci gaba da aiki, ta mutu ya sa 'ya'yanta uku suka ci gawarta. Aka ce wannan wane irin so ne, marubucin ya rasa abin faɗa.

Ni ban yi tsaki ba. Akwai wata baiwar Allah da muka yi maƙwabtaka da ita, mijinta na dukanta har unguwa ta saba da kukan. Rannan 'yan'uwanta suka zo da mota, suka ɗaure kayanta a buhu, ita kuma tana tsakar gida da kumburarren ido tana tankaɗen garin tuwonsa na dare, tana cewa su bari ta sauke tukunya tukuna, bai ci komai ba tun safe. Ba ta bi su ba. In ka tambaye ta, so za ta ce maka. Ymir ke nan. Ba ta taɓa sanin wani abu ba sai bauta, sai ta sa mata sunan so. Shi ya sa take jiran ta ga mace mai son namiji har cikin ɓargo amma ta iya ce masa a'a, ta iya ɗaga takobi. Da Mikasa ta yi, sai ta saki.

Dokta_Ba_Asibiti
Hajiya, ma'anar ta zauna, Allah ya kyauta wa maƙwabciyar taki. Matsalata da ginin ne. An shafe shekara 11 da wani abu ana buga labarin nan, daga 2009 zuwa 2021, ba a taɓa ɗaura zare tsakanin Mikasa da Ymir yadda mai karatu zai gani ba sai a babin ƙarshe, in ban da ciwon kan da take yi. Kuma da aka tambayi Eren me ya sa Mikasa, cewa ya yi Ymir kaɗai ta sani. A babi na 122 an sa mun yarda Eren ne ya 'yanta ta da ya rungume ta ya ce ita ba baiwa ba ce, ba abin bauta ba ce, mutum ce. Sai kuma aka dawo aka ce ba shi ba ne.

Baban_Hanan
Ba wanda zai taɓo wurin da ya zauna cikin ruwa yana kuka a kan Mikasa? 😂 Wai kada ta samu wani, ta yi ta tunaninsa ko da shekara 10 ne. Lokacin da babin ya fito a Afrilun 2021 intanet kamar ta kama da wuta, masu yi masa kallon namijin duniya suka ce an kashe musu gwarzo. Ni kuwa a nan na gane shi. Wancan mai ɗaure gashi a baya, mai magana ƙasa-ƙasa, mai ce wa Mikasa ya tsane ta tun suna yara, shi ne na bogi. Zeke ma ya faɗa masa babu wata bauta a jinin Ackerman, dangin Mikasa, sonsa kawai take yi. Na cikin ruwan shi ne Eren da muka sani tun 2013, mai ihu da majina.

Kuma wanda ya kalli kashin ƙarshe na kamfanin MAPPA da ya fito a Nuwamban 2023 ya san an gyara hirar. A littafi Armin godiya ya yi masa a kan ya zama mai kisan kiyashi saboda su, abin da ya tayar da ƙura sosai. A na kallo an cire wannan, Armin ya ɗauki rabon laifin, ya ce shi ya nuna masa littafin, su haɗu a wuta. Eren kuma ya ce shi wawa ne da ƙarfi ya faɗo hannunsa. Wannan ya fi kusa da maganar Sarki.

Floch_Na_Da_Gaskiya
Ku yi ta fassara. Ni hotunan ƙarshe kawai zan nuna muku. Shiganshina ta zama birni mai dogayen gine-gine, jirage suka zo suka yi mata ruwan bama-bamai har ta koma kufai. Abin da Floch ya faɗa yana fitar da rai ke nan, in aka tsayar da Eren tsibiri ya shiga uku. Kuskuren Eren ɗaya ne, da ya bar musu ikon su tare shi alhali yana iya karɓe Titan ɗinsu cikin ƙiftawar ido.

Gwanin_Manga
Subhanallah, wato kashi 20 da suka rage ne matsalar? Na ɗaya, ba a faɗi wa ya jefa bama-baman ba, ba a faɗi dalili ba. Na biyu, Mikasa ta tsufa ta mutu an binne ta da jan gyalenta kafin nan, kuma a na kallo an mai da gine-ginen na wani zamani mai nisa sosai don kada a ce ramuwar gayya ce ta kusa. Na uku, tun duniyar waje ba ta taɓa su ba mutanen tsibirin ke kashe juna. Wa ya sa wa Zackly, shugaban sojan tsibirin, bam a kujera? Wa ya bar manyan soja suka yi ta shan giya mai ruwan ƙashin bayan Zeke yana sane? Mutanen gwarzon naka ne.

Kawu_Zango
Ni kafin in tafi masallaci, Sarki, ka duba Reiner ka ƙara a hujjarka, ko ka rage. Da aka cinye Marcel, Annie da Bertholdt cewa suka yi a koma gida. Reiner ne ya dage. A ƙarƙashin ginin nan Eren ya miƙa masa uzuri da hannu biyu, ya ce kai yaro ne, an cusa maka, tarihi ne ya tura ka. Reiner ya durƙusa ya ce a'a, shi ya so ya zama jarumi, ya so a girmama shi, laifinsa ne. Nan Eren ya ce lallai su iri ɗaya ne. Mu a lokacin mun ɗauka yana nufin dukansu an tilasta musu. Amma shi Reiner ɗin, son zama jarumin nasa ai don uwarsa da ubansa su zauna tare ne. To ka ga ko a wurinsa son kai da son nasa a cakuɗe suke, ban san yadda za ka raba su da wuƙa ba.

Sarkin_Kallo
Kawu, a dawo lafiya, a sa mu a addu'a. Zan karɓi cakuɗar a wurin Reiner, don shi ya sa bakin bindiga a bakinsa saboda nauyin abin. Eren cewa ya yi ko da bai san za su tsayar da shi ba, da sai ya baje duniyar duka.

Maman_Levi
Ya kuma bar su suka tsayar da shi ɗin. Ka riƙa karanta shafin har ƙasa.

Dokta_Ba_Asibiti
Duk wannan da Levi ya yi wa Erwin allurar nan a kan rufin Shiganshina maimakon Armin, da ba mu zo nan ba. Erwin ba zai shafe shekara 4 yana jiran Hizuru ba, kuma da ya karanci Eren tun kafin ya tsallaka teku.

Bakano92
Dokta kar ka fara. Erwin ɗin da shi kansa ɗakin ƙarƙashin ƙasa kawai yake son gani don ya tabbatar da maganar babansa? Bayan ya gani me zai rage masa? Levi ya tambaye shi, ya ce bai sani ba sai ya je.

Shugaban_Zaure
Erwin da Armin a buɗe musu nasu zancen daban, na san ku, sai mu kwana a nan.

Floch_Na_Da_Gaskiya
A buɗe. Kuma a tuna wa ya goyo Erwin a bayansa ya hau rufin da shi, shi kaɗai ya tsira daga duwatsun Biri a cikin sababbin dakarun. Ina jiran Gwani a can.